Yajin Hajiya: Yadda Muke Yin Sallah Ba Gyaɗa A Gidanmu Na Sabo

'Yan uwana mazauna Kudu, na Sabon Ibadan da Shasha da Ojoo, na Shagamu da Agege da Idi-Araba, har da waɗanda ke can ƙasar Ibo, ina yi wa kowa fatan alheri, da fatan kasuwa tana kyau. Yau maganar abinci zan yi. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗa namiji, ɗan mai goro, da zancen tukunya da kasko? To mai karatu ka yi haƙuri ka bi ni a sannu, domin ba son girki ne ya kai ni madafa ba, larura ce, kuma larurar ta kusa tafiya da ran ƙanena.

Ni a Sabo aka haife ni, unguwar da aka keɓe wa Hausawa a Ibadan tun 1916. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Kano, Baba ya gaje shi, ni ma tun da na gama sakandare nake tare da shi a shago, muna ɗaure huhu ana lodawa zuwa Arewa. Goro ya hau, mu kuma abin da ke sauko mana daga gida shi ne daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya, da man shanu, sannan uwa-uba gyaɗa da 'ya'yanta. Duk wanda ya taɓa ratsawa ta Sabo da daddare ya san ƙamshin da ke tashi. Yarbawa daga Bodija da Ring Road suke tuƙo mota su zo sayen tsirenmu, kuma ba naman ne kawai yake jawo su ba, ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin ne.

Ka zauna ka ƙirga abincinmu ka gani. Tsire da ƙuli ake barbaɗe shi. Kilishi a cikin kwaɓin tunkuza ake tsoma shi. Miyar taushe sai da gyaɗa, kunun buɗa-baki na gyaɗa ne, kwaɗon zogale da na rama sai da ƙuli, haka gurasa bandashe. Ɗanwake da garau-garau kuwa ai mai da yaji ne ransu. Ga dakuwa, ga hallaka-kwabo. Tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 gyaɗa ta zama dukiyar ƙasarmu, har aka yi dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna. Saboda haka ranar da likita ya ce mana ɗan gidanmu ba zai ƙara cin gyaɗa ba, ji muka yi tamkar an ce kifi ya daina shiga ruwa.

Ga yadda abin ya faru. Babbar Sallar 2019 a watan Agusta ta faɗo, tsakiyar damina. Autanmu yana da shekara 3 a lokacin. Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Hajiya, ta zo daga Kano domin ta yi Sallah da mu. Ita kuwa Hajiya ƙuli-ƙuli ne sana'arta tun tana amarya. Lokacin da kakana yake tafiye-tafiyen kurmi, wata shida babu labarinsa, da kuɗin mai da ƙuli ta ciyar da Baba da ƙannensa. Takan soya gyaɗa ta murje ta sheƙe, a niƙo, ta juye a turmi tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana murzawa da taɓarya har mai ya taso, ta kwashe, ta mulmula tunkuzar ta soya a cikin mansa. Har yau tafin hannunta akwai kanta. Da ta zo, jarka guda ta kawo mana ta man da aka matse a gabanta, da ƙullin ƙuli mai yawa, tana cewa ta gaji da cin abincinmu na Kudu mai salam.

Ranar Sallah bayan mun sauko daga idi aka yanka rago. Kamar yadda muka saba, hanta aka fara gasawa. Hajiya ta daka yaji da hannunta, ta dangwali hanta a ciki, ta kira Auta, “Zo nan angona, kai za ka fara ci kafin waɗannan ƙattin.” Ya ci yanka biyu. Ba a fi minti goma ba sai ya fara susar wuya yana kuka. Kafin ka ce kwabo leɓensa ya haye, idanunsa sun kumbura sun kusa rufewa, jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu. Ya yi amai. Daga nan kukan ya canza, ya koma wani irin tari mai ƙara, numfashinsa yana fita da fito kamar na mai asma.

Gida ya rikice. Wata ta ce a ɗura masa manja, wata ta ce madara, wani ya ce a tofa masa addu'a tukuna, iska ce. Inna ce ta saɓe shi a kafaɗa ta fita ba ko takalmi, ni kuma na tare acaɓa. Na ɗauke shi muka hau, ita ta biyo mu a wani. Wallahi ban san yadda muka wuce shatale-talen Mokola ba, abin da kawai nake ji shi ne yadda jikinsa yake saki a hannuna. Da muka isa asibiti, wata likita ta dube shi sau ɗaya ta ɗaga murya, aka kawo allura aka soka masa a cinya, aka sa masa abin shaƙar iska. Cikin 'yan mintoci numfashin ya fara dawowa. Suka ce ba za su sallame mu ba sai gobe, domin irin wannan yakan lafa ya sake tasowa bayan wasu sa'o'i. A bencin asibiti na yi Sallar wannan shekara, da jinin rago a bakin wandona.

Washegari likitar ta zaunar da mu ta yi ta tambaya. Sai a lokacin Inna ta tuna cewa da aka zo yaye shi an ba shi kunun gyaɗa sau biyu, duk ya amayar, jikinsa ya yi borin jini, aka ce haƙori ne. Tun daga nan ba ya yarda da kunun, ita kuma ba ta matsa masa ba. Baba ya ce to ai kullum da man gyaɗa ake yi mana girki, me ya sa bai taɓa yi masa haka ba? Nan muka gano wani abu da ya kamata kowa ya sani. Mu duk farin mai “man gyaɗa” muke ce masa, kamar yadda Yarbawa ke kiransa ororo. Amma galan ɗin da Inna take saye, da muka karanta jikinsa, tataccen man kwakwar manja ne, babu gyaɗa a ciki ko ɗigo. Na gaskiyar sai ranar da Hajiya ta kawo shi ya shigo gidan.

Daga baya aka tura mu aka yi masa gwaji, aka tabbatar. Bayanin da aka yi mana shi ne, sojojin jikinsa masu yaƙi da cuta sun ɗauki sinadarin gina jiki da ke cikin gyaɗa a matsayin abokin gaba. Da zarar ya shiga sai su yi masa taron dangi, maƙogwaro ya kumbura, hanyar iska ta tsuke, jini ya sauka. Turawa alaji suke ce wa wannan larura. Dafawa ko suya ba ta kashe sinadarin. Ba a kuma bukatar mai yawa, ɗan abin da ya maƙale a cokali ya isa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi irin Piriton tana kwantar da borin fata, amma ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe. Wannan aikin allurar adirenalin ne, a gefen cinya, kuma da gaggawa. Manja da madara ba su da wani amfani a nan, hasali ma ɗura wa yaron da ba ya iya numfashi abu a baki na iya shaƙe shi.

To jama'a, wannan duk ilimi ne, kuma koyon sa bai yi mana wuya ba. Abin da ya yi wuya mutane ne.

Hajiya ba ta je asibiti ba, ba ta ga abin da muka gani ba. Da muka dawo aka gaya mata, sai ta yi shiru, sannan ta ce, “Yanzu abin da na rene ku da shi ne ya zama guba? Jinina ne zai ƙi gyaɗa? Wannan cutar Turawa ce likitoci suka laƙaba wa yaro.” Bayan kwana huɗu ta ce a kai ta tasha. A 2020 aka yi zaman korona, aka rufe hanyoyin jihohi, amma ko da aka buɗe kafin Babbar Sallah ba ta zo ba. Ta ce ƙafa ke damunta. Duk mun san ba ƙafa ba ce.

A cikin wannan shekara biyu muka sake wa madafarmu tsari. Ni ne mai karanta Turanci da sauri a gidan, don haka ni aka ɗora wa cefane, daga cefane kuma na zarce har bakin murhu. Farko mun raba gari da man awo na kwalba da mudu, wanda ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Sai rufaffen galan, na waken suya ko na kwakwar manja, kuma sai na karanta jerin abin da ke ciki. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba tana nufin babu gyaɗa ba. Biskit da cakulan da alawar da ake raba wa yara ranar Sallah ma sai na duba, domin wasu sukan rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ana iya samun ɓurɓushin gyaɗa a ciki.

Na biyu, kayan aiki. Tukunyar ƙarfe da cokali ana wanke su da sabulu da ruwan zafi su fita. Amma turmin da ya shekara goma yana shan ƙuli fa? Da muciya, da tandar ƙasa ta waina da aka taɓa soya mata man Hajiya? Duk muka bayar, muka sayi sababbi, na shafa wa gindin sabon turmin jan fenti don kada a yi aronsa. Kun san halin gidan haya, turmi ɗaya gida biyar. Ranar da Inna ta fara hana aro, sai da aka yi kwana uku wata maƙwabciya ba ta amsa gaisuwarta.

Na uku shi ne wanda ba mu taɓa kawowa a rai ba, wato injin markaɗe. Injin da ke niƙa mana shinkafar waina da tattasai, shi ne yake niƙa wa masu ƙuli gyaɗarsu da safe. Ɗauraye shi da ruwa kofi biyu ba ya fitar da maiƙon. Sai da Baba ya sayo ƙaramin injin markaɗe na lantarki, in kuma babu wuta, to ni da taɓarya. Daren jajiberin Sallah da ƙattin unguwa suke wajen tela suna jiran ɗinki, ni ina tsakar gida ina kirɓa jiƙaƙƙiyar shinkafa.

Kayan fulawa ba su ba mu wahala sosai ba. Cincin da dubulan da alkaki babu gyaɗa a kwaɓinsu, matsalar man suya ce kawai, shi kuma mun canza. Nakiya dama da man shanu ake yi. Kek kuma muka daina saye, domin mai gashin ba za ta iya rantse maka da abin da ta gasa a gwangwanin jiya ba. Ƙanwata ce take kwaɓawa, fulawa da bota da sukari da ƙwai, mu zuba a gwangwanayen madara, mu shimfiɗa yashi mai tsabta a ƙasan babbar tukunya, mu jera, wuta kaɗan a ƙasa, garwashi a kan murfi. Karon farko ƙasan ya ƙone saman bai nuna ba. Yanzu kuwa har maƙwabta suna kawo nasu a gasa musu. Miyar taushe muka ƙara mata kabewa muka ɗaure ta da agushi. Naman layya kuma, da yake danshin Ibadan ba ya barin nama ya bushe a igiya kamar a Arewa, dama soya shi muke yi ƙarau, sai muka ci gaba da sabon mai.

Abu biyu ne suka gagare mu: yaji da kwanon maƙwabta.

Kowa ya san Sallah a Sabo. Tun hantsi yara suke ta kai-komo da kuloli, wannan gida ya aika wa wancan, a juye a zuba wani a mayar, a ba ɗan aike tukuici. Mu da ba mu da hawan daba ba mu da dangi kusa, wannan musayar kwano ita ce Sallarmu, ita ce take nuna mana cewa ba mu kaɗai ba ne a garin mutane. Kafin la'asar sai ka ga kwano goma sha a ɗakin Inna, kuma fiye da rabi akwai gyaɗa ko manta a ciki. Ga yaro ɗan shekara huɗu da ke ganin sa'o'insa suna yawon barka da Sallah, duk gidan da suka shiga a miƙa musu nama.

Da farko Baba ya ce kada a gaya wa kowa. A karɓa a yi godiya, a ɓoye. Tsoronsa kada a ce gidan Alhaji sun fara ƙyamar abincin mutane, ko a ce ɗansa mai lalura ne. Ɗan kasuwa a baƙon gari mutuncinsa ne jarinsa, na fahimce shi. Amma a Ƙaramar Sallar 2021 na tsinci Auta a zauren wani gida da tsinken tsire a hannu, bai kai baki ba tukuna. Na fizge na jefar, ya fasa kuka, mai gidan ya fito yana tambaya ko an ga wani abu ne a namansa. Kunya ta rufe ni. Da daddare na ce, “Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko mu faɗa, ko wata rana mu tarar an riga an ba shi.” Bai ce mini komai ba. Amma washegari bayan sallar Magariba, a majalisarsu ta ƙofar masallaci, na ji shi da bakinsa yana yi wa dattawa bayani. Abin mamaki, babu wanda ya ɗauke shi da raini. Wani ma cewa ya yi ɗiyar ƙanwarsa in ta ci kifi haka take yi. Daga ranar muka rubuta 'yar takarda da Hausa da Turanci da Yarbanci muka sa masa a aljihu, muka koya masa kalmar epa, wato gyaɗa da Yarbanci, saboda makaranta da masu talla.

Wani abin da ya ba ni dariya kuma ya sa ni tunani: a duk kwanukan da ke shigowa, wanda hankalinmu ya fi kwanciya da shi na Iya ne, Bayarbiyar da ke bayan gidanmu. Ileya suke kiran Babbar Sallah, kuma duk shekara sai ta aiko da amala da ewedu da gbegiri, da manja zalla take girkinta. Da aka yi mata bayani, da kanta ta zo ta lissafa wa Inna duk abin da take sawa a tukunya. Sai ga ɗan Bahaushe, jikan mai ƙuli, ranar Sallah yana zaune yana shan gbegiri, tuwon gidansu na jiran a tantance.

A Babbar Sallar 2021, watan Yuli, Hajiya ta zo. Baba ne ya je har Kano ya ɗauko ta. Mun roƙi kada a taho da gyaɗa, kuma ba a ga jarka a kayanta ba. Kwana biyu kafin Sallah, da yamma, na shigo daga shago na same ta a kan tabarma, Auta yana kan cinyarta. Ta kwance bakin mayafinta, ga ɗan gutsuren ƙuli kamar ƙwayar wake, tana murmushe shi da yatsa.

Mai karatu, ka san gidan Bahaushe. Inna suruka ce, ko sunan Hajiya ba ta iya faɗa, balle ta riƙe mata hannu. Tana bakin madafa ta daskare, ludayi a hannu, idonta ya kawo ruwa. Baba ɗa ne, kuma na fari, bai taɓa musa wa uwarsa magana ba a gabanmu. A duk gidan mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi damar taɓa ta, shi ne jika, abokin wasa. Na durƙusa na kama hannun na ce, “Haba tsohuwa, kishi ne zai sa ki kashe angon naki ki dawo wurina? Ni ba na auren mai takaba.” Ta harare ni ta ce, “Sakar mini hannu, ja'iri. Kaɗan-kaɗan ake ba yaro har cikinsa ya saba. Haka aka yi mana.”

A gaskiya maganarta ba ta rasa tushe ba. Wani bincike da aka yi a Ingila aka wallafa a 2015 ya nuna cewa jariran da aka fara ba su abinci mai gyaɗa da wuri sun fi tsira daga kamuwa da wannan larura nesa ba kusa ba. Wato kunun gyaɗar da iyayenmu ke yaye da shi yana da ranarsa. Amma wannan ga wanda bai riga ya kamu ba ne. Wanda jikinsa ya riga ya ƙulla gaba da ita, sabar da shi kaɗan-kaɗan aikin likitoci ne a asibiti, da awo, da allura a gefe. Ba a yin sa a kan tabarma.

Ban tsaya yi mata wannan dogon Turanci ba. Na ciro waya na nuna mata hoton da na ɗauka a asibiti don likita, wanda shekara biyu ban nuna wa kowa ba. Ta karɓa ta kai kusa da ido. Ta ce, “Wane ne wannan?” Na ce, “Angonki ne, Hajiya. Minti ashirin bayan hantar nan.” Ta daɗe tana kallo. Ta sauke yaron daga cinyarta, ta ce in kawo mata ruwa da sabulu.

Da daddare ta kira ni ɗakinta. Ta ce tana yarinya a ƙauyensu an yi wata 'yar maƙwabta da fuskarta ta kumbura haka lokacin roron gyaɗa, kafin a kira wanzami ta cika. Aka ce wata tsohuwa ce ta kama ta, aka yi ta jifar ɗakinta har ta bar garin. Hajiya ta ce, “Har da ni a masu jifan.” Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban ce komai ba.

Washegari ta ce a kawo mata yajin da muke ci. Ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wannan ai barkono ne tsirara, ba shi da jiki. Dama abin da ya dame mu ke nan, domin ƙuli ne yake kashe kaifin barkono, shi ne kuma yake sa yaji ya kama nama. Ana cikin haka sai ga aiken Iya, ta kawo wa baƙuwa adun, wani abin taɓawa na Yarbawa da ake yi da garin soyayyiyar masara da manja da barkono. Hajiya da ba ta cin abincinsu ta gutsura don kara, ta tauna, ta yi shiru. Sai ta ce, “Kai, je ka auno mini masara busasshiya.”

Ta soya masarar a kasko ba mai, wuta kaɗan, tana juyawa har ta yi ja ta fara ƙamshi. Ta sa na daka a turmi mai jan fenti, ta tankaɗe sau biyu. Ta kawo citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da tafarnuwa busasshiya, da gishiri da dunƙule, aka daka daban. Ta haɗa, gari kashi biyu kayan yaji kashi ɗaya, ta ɗiga mai cokali biyu ta murje da tafin hannu har ya yi damshi kamar na gaske. Ranar Sallah da aka gasa hanta, ita ta dangwala ta kira shi. Sai da ta dube ni na gyaɗa kai, sannan ta sa masa a baki. Gidan ya yi tsit, kowa yana kallon agogo a ɓoye. Yaro ya cinye ya ce a ƙara.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ɗaya suke da na ƙuli ba. Baba har gobe yana cewa da saura, kuma wani lokaci yakan tsaya wajen mai tsire ya ci abinsa a can, ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya shigo. Hajiya ma ba ta bar ƙulinta ba, a gidan Gwaggo take ajiye shi, can take zuwa ta ci. An ce kusan yaro ɗaya cikin biyar yakan rabu da wannan larura in ya girma, amma da aka sake yi wa Auta gwaji a 2024 tana nan. Allurar gaggawar da aka rubuta mana da ƙyar muke samunta, ga tsada, ga shi tana da wa'adin lalacewa, duk da haka kullum tana cikin jakar Inna, kuma kowa a gidan ya san inda ake soka ta. A Babbar Sallar 2025 shi da kansa na ji yana tambayar wata mata a zaure, “Gwaggo, da wane mai aka soya?” Ta yi dariya, ta shiga ta ɗauko masa galan ɗin ya gani.

Roƙona gare ku 'yan uwa, tunda wata Sallar na tafe in Allah Ya kai mu. In uwa ta ce kada a ba ɗanta abu kaza, kada ku ce iyayi ne ko tsirfar 'yan boko, kada kuma ku gwada shi a ɓoye. In kun ga yaro ya ci abu, leɓe ko fuska ta kumbura, muryarsa ta dushe ko numfashi ya yi wuya, to ba lokacin manja ba ne. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya tsananta a bar shi a zaune, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya, in akwai allurar a yi masa nan take, a nufi asibiti ana addu'ar a hanya. Ku kuma masu irin wannan yaro, ku faɗa wa maƙwabta. Mu da muka faɗa, kwanon da ke shigowa gidanmu bai ragu ba, sai ma wasu suka fara aikowa da saƙo a bakin ɗan aike: “An ce a gaya wa Inna wannan ba gyaɗa.”

Wanda kuma yake son ya ɗanɗana yajin Hajiya, ya biyo ta shagonmu bayan Sallah, nakan ajiye kaɗan a kwalba. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, Ya bar zumunci tsakaninmu da maƙwabtanmu. Sai wani jiƙon.

Wassalamu alaikum.